Ramin da Aka Bari a Buɗe: Ziyara Zuwa Wata Tsohuwar Mahaƙar Dalma

Wannan lacca ce da aka gabatar a zauren taron ɗalibai. Mun ga ya kyautu mu buga ta domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni damar tsayawa a gabanku. Da takardar gayyata ta iso mini, sai na ga an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. Na san da yawa daga cikinku sun zo da zaton za su ji batun siyasa ko na tattalin arziki, don su ne tuwon irin wannan zaure. To, sai ku yi haƙuri da ni, yau labarin rami na kawo muku. Wani ƙaramin ramin dalma ne a cikin daji, wanda masu shi suka tafi suka bar shi tun ba a haifi iyayen mafi yawanmu ba. Na shiga cikinsa da ƙafata, Allah ya fito da ni lafiya, kuma abin da na koya a wannan yini shi nake so in ba ku amanarsa, domin a cikinku akwai waɗanda gobe takardun irin waɗannan ramuka za su biyo ta kan teburinsu.

Bari mu fara da sanin abin da ake haƙowa. Babu Bahaushen da bai san dalma ba. Masunta suna ɗaura ta a bakin komarsu don ta nutse, maharba suna yin harsashi da ita, masu gyaran rediyo suna liƙi da ita, kuma ita ce ke sa batirin mota nauyi. A yau ma mafi yawan dalmar da duniya ke amfani da ita batir ake yi da ita. Amma ba a samun ta tsurarta a ƙasa. Takan zo ne a haɗe da farar wuta, cikin wani dutse mai ƙyalli kamar azurfa, wanda in ka buge shi da guduma sai ya farfashe zuwa ƙananan gutsattsari masu kusurwa, kamar ƙwayar sukari. Turawa suna kiransa galina. Mu kuwa mun san shi tun kaka da kakanni, don shi ne tozali. Idan dutsen nan tsarkakakke ne, kashi 86 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Ya fi ruwa nauyi sau bakwai da rabi, alhali dutsen da muke gini da shi bai kai sau uku ba. Dalma kuma tana narkewa da zafi ya kai awo 327, watau wutar gawayi ta ishe ta, shi ya sa mutanen da suka iya sarrafa ta ba tare da manyan injuna ba.

A ƙasar nan gidan wannan dutse shi ne kwarin Binuwai. Masana ilmin duwatsu sun ce fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da nahiyar Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, ƙasa ta tsage tun daga bakin teku har zuwa wajen Gongola, tsawon kusan kilomita 1,000. Teku ya shigo ya cika wannan kwari da yashi da laka, suka daskare suka zama dutse. Daga baya ruwan zafi mai gishiri ya riƙa tasowa daga ƙarƙashi ta cikin tsagogin dutsen, yana ɗauke da dalma da tutiya da 'yar azurfa, da ya huce sai ya bar su maƙale a cikin tsagogin kamar jijiya a cikin nama. Saboda haka ne za ku ga inda ake samun dalma ba ya nisa da inda ake dafa gishiri. Ga Enyigba da Ishiagu a Jihar Ebonyi, ga Arufu da Akwana a Jihar Taraba, ga Zurak a ƙasar Wase ta Jihar Filato, ga Gwana a Jihar Bauchi, sa'an nan ga rijiyoyin gishirin Awe da Keana a tsakani. Duk kwari ɗaya ne.

Mutanen waɗannan wurare suna haƙar tozali tun kafin zuwan Turawa, fatake kuma suna kai shi kasuwannin ƙasar Hausa. Da Turawa suka ci ƙasa, ba su yi jinkiri ba wajen neman sanin abin da ke ƙarƙashinta. A 1904 suka fara binciken ma'adinai na Arewa, a 1919 suka kafa hukumar binciken duwatsu ta ƙasa baki ɗaya. Kuzar tsaunin Jos ce ta ɗauke mafi yawan hankalinsu, amma kamfanoni sun haƙi dalma a Zurak da ƙasar Abakaliki, kuma a kewayen manyan ramukan an yi ta tona ƙanana don gwaji, in an samu a ci gaba, in ba a samu ba a yi gaba. Ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan ne na ziyarta.

Da rani muka tafi, ni da wani abokina wanda ya karanta ilmin duwatsu, ya kuma taɓa yin aiki a ƙarƙashin ƙasa. Daga Jos muka bi ta Pankshin da Langtang, muka sauka Wase, inda dutsen nan ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, ana hango shi tun daga nesa. Daga nan muka yi gabas, inda mota ta gaza muka hau babur. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don kada in jawo musu 'yan kallo da masu neman arzikin dare ɗaya. Muka fara da ƙofar mai gari, muka faɗi muka yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, mun ji labarin tsohon ramin Turawa, muna neman izinin gani." Ya yi ta yi mana tambayoyi, don a zatonsa kamfani ne ya aiko mu. Da ya tabbata ba haƙa muka zo yi ba, sai ya haɗa mu da wani dattijo wanda mahaifinsa ya yi leburanci a ramin.

Tafiyar kamar rabin sa'a ce a ƙasa, ta cikin karan dawa da itatuwan kaɗanya da ɗorawa. Dattijon nan yana gaba da sandarsa yana bugun ciyawa, don ƙasar kububuwa ce, kuma duk wanda ya san kwarin Binuwai ya san yadda wannan macijiya ke ɗaukar rayukan manoma. Alamar farko da ta nuna mun iso ita ce ciyawa ta ƙare. Muka fito wani fili mai launin toka, faɗinsa bai wuce filin ƙwallo ba, ko tsiro ɗaya babu a kansa, alhali daji ya kewaye shi ta ko'ina. A tsakiyarsa ga tulin tsakuwa ya fi mutum tsayi, ruwan damina ya yayyanka shi, ya ja wani sashe zuwa wani ɗan rafi da ke gangare. A gefe ga daɓen siminti da guntayen ƙarafa huɗu a tsaye, abokina ya ce nan aka girka injin jan ruwa. Ga kuma harsashin wani ɗaki na dutse, wanda dattijon ya ce a nan ake ajiye nakiya, shi ya sa aka gina shi nesa da sauran.

Rami biyu ne. Na farko ya miƙe ƙasa sak kamar rijiya, ba murfi, ba shinge, ƙaya da geza sun rufe rabin bakinsa, har in mutum bai sani ba sai ya taka. Muka tsaya nesa muka jefa dutse, muka ɗan saurara kafin mu ji ya faɗa ruwa. Dattijon ya ce a saninsa ramin ya ci shanu da awaki ba adadi, kuma Fulani makiyaya sun san shi, suna kauce masa, sai baƙi. Na biyu ya shiga cikin ƙugun tudu a kwance, kamar ƙofar zaure. Ƙasa ta zubo ta toshe rabinsa, sai mutum ya sunkuya. Na ce, "Baba, ko za ka raka mu?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ubana ya shiga don a biya shi, ni me za a ba ni? Ku dai in kun ga wuta ta yi ja, ku komo." Ya zauna a bakin ramin yana riƙe da kan igiyar da muka ɗaura.

Muka shiga da hulunan kwano, da tocila bibbiyu, abokina kuma yana riƙe da fitilar ƙwai a daidai gwiwarsa. Taku kaɗan zafin rana ya yanke, sanyi mai danshi ya karɓe mu, da warin kashin jemage. Jemagu suka tashi suna gilma mana ta kan fuska. Faɗin hanyar bai wuce mutum ya miƙa hannuwansa ya taɓa bango biyu ba. A jikin dutsen ana ganin sawun ƙarfen da aka huda gurbin nakiya da shi, rabin rami zagayayye, santsi kamar jiya aka yi. Dattijon ya riga ya bayyana mana yadda ake yi: mutum ɗaya ya riƙe ƙarfe yana juya shi, ɗaya yana dukansa da guduma, yini guda cikin duhu, heluma yana tsaye a kansu. In an fasa, sai a kwaso dutsen a kwano a ka, a fito da shi, mata da yara su zauna a rana suna fasawa suna tsince mai ƙyalli, su watsar da saura. Wannan sauran shi ne tulin da muka gani a waje.

Can ciki abokina ya ɗaga tocila sama ya nuna mini jijiyar da suka biyo. Faɗinta bai fi tafin hannu ba, farin dutse ne da ruwan ƙasa, da ɗigo-ɗigon tozali a ciki suna walƙiya. Na tsaya ina mamaki, watau duk wannan wahala don wannan 'yar tsaga aka sha ta. A wani wuri an tokare rufin da gumagumai, na kai hannu zan taɓa ɗaya, abokina ya riƙe ni. Ya ce itacen ya ruɓe tun tuni, siffarsa kawai ta rage, kuma wani lokaci ruɓaɓɓen itace ne kaɗai ke tsakanin mutum da dutsen da ke kansa. Muka ci gaba, hanya ta fara gangarawa, ruwa ya kawo idon sawu, garau da shi har ana ganin ƙasa. Ya ce irin wannan ruwa shi ne mayaudari, don sau da yawa akwai wani ramin a ƙarƙashinsa wanda aka rufe da katako. Muna cikin wannan magana sai harshen fitilar ya ƙanƙance, ya yi ja. Ba mu yi gardama ba, muka juya.

Ga dalilin abin da ya faru. Iskar da muke shaƙa a sarari, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, wanda shi ke riƙe da rai, shi ke riƙe da wuta. A cikin rufaffen rami, ruɓar itace da tsatsar ma'adinai suna cinye shi, wata iska mai nauyi, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ta taru a wurare masu gangare. Fitila takan mutu in oksijin ya sauko wajen kashi 16 ko 17, mutum kuwa ba ya jin zafi ko wari, sai dai jiri da kasala, sa'an nan ya faɗi. Wanda ya bi shi don ya ɗauko shi, shi ma ya faɗi. Kuma kada wani ya ɗauka fitila ta wadatar. Akwai iskoki masu guba da wuta ba ta nuna su, a ramin kwal kuwa harshen wuta kansa ajali ne. A yau akwai na'urar auna iska, wanda ba shi da ita ba shi da hurumin shiga. Mu ma ganganci muka yi, Allah ne ya kiyaye.

Na fito ina murna, a zatona na baro hatsari a bayana. Sai na tarar da yara kamar goma a kan tulin tsakuwar nan, sun ji labarin baƙi sun biyo mu. Ba takalmi, ƙafafunsu da hannuwansu sun yi fari fat da ƙura. Wata yarinya tana goye da ƙaninta, ta sauke shi a ƙasa, yana damƙar ƙasa yana kai wa baki kamar yadda kowane jariri ke yi. A gangare shanu suna shan ruwa a rafin da tulin ke zubewa ciki. Na tambayi dattijon ko ana ɗibar tsakuwar, ya ce sosai, ai ta fi kowace kyau wajen daɓen ɗaki da cike ramin hanya, ga shi ba ta fitar da ciyawa. Nan jikina ya yi sanyi. Ramin da na ji tsoro, mutanen gari sun san shi, suna gudunsa, sai wawa irina ke shiga. Tulin da ke zaune a rana, wanda ba wanda ke tsoro, shi ne ke shiga gidajensu kullum.

Kuma dole in faɗa muku laifin da na yi. Wani yaro ya miƙo mini wani gutsuren tozali mai kyau, na karɓa na ba shi 'yan kuɗi. Washegari da sassafe muna shirin tafiya, sai ga yara sun cika ƙofar masaukinmu, kowa da duwatsu a aljihu, waɗansu a cikin kwanon da suke cin abinci. Sun kwana da sanin cewa tulin nan kuɗi ne. Ni da na zo da ilmi, ni na tura su tono. Har yau abin yana damuna.

Me dalma ke yi wa jiki? Jiki ba shi da wani amfani da ita ko kaɗan, amma yana ɗaukar ta a matsayin sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya ajiye ta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Mace in ta sami ciki, dalmar da ke ƙashinta takan komo cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Yaro ƙarami yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa daga abin da ya haɗiya, balle in yana da yunwa ko ƙarancin jini. In ta yi yawa takan kawo ciwon ciki, da amai, da suma, da jijjiga, da mutuwa, har a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, ko sanƙarau, ko iskoki. In kaɗan ce ba a ganin komai, sai dai ta rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, abin da ya tafi kuma ba ya komowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Daɗin daɗawa, dalma ba ta ruɓewa, tafasa ruwa ba ya fitar da ita, kuma tozalin da ya daɗe a rana da ruwa yakan rikiɗa ya zama wani farin gari wanda ya fi saurin narkewa a cikin ciki. Watau tsohon tuli ya fi sabo sharri.

Mun riga mun ga wannan a gida. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a waɗansu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Zinariya mutanen ke nema, amma dutsen da suke haƙowa cike yake da dalma, suna kawo shi gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida. Fiye da yara 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bincika gida-gida, an tarar kashi 25 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu cikin shekara guda. Awon da likita ke fara ba da maganin fitar da dalma a kansa 45 ne, na'urar gwajin da aka kai iyakarta 65, amma jinin yara da yawa ya wuce abin da take iya karantawa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, a Dareta da Yargalma da Abare da sauransu, Bagega kuwa sai a 2013 aka kai gare ta. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Abin da ya ci Doma, ba ya barin Awe.

In kuma wani yana zaton rufe mahaƙa shi ne ƙarshen magana, sai ya dubi garin Kabwe na ƙasar Zambiya. An gano dalma a can a 1902, aka rufe mahaƙar a 1994, amma tulin da ta bari ya ci gaba da sa wa yaran garin guba shekaru da dama bayan an kashe injin na ƙarshe. Duniya ta yi ƙoƙari ta raba man fetur da dalma, har Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da irinsa a 2021. Mu kuwa tana nan a tandun kwallinmu. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, da aka bi sawu sai aka tarar tozalin da aka kai daga Nijeriya ne ake sa masa, kuma fiye da kashi 82 cikin 100 nasa dalma ce. Na san wannan magana tana da nauyi, don tozali ado ne, al'ada ce, kuma iyayenmu da kyakkyawar niyya suke sa wa jarirai. Amma jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Ku gaya wa iyaye da ladabi, su nemi wanda aka tabbatar ba dalma a cikinsa, ko su ɗaga wa jariri ƙafa.

To, me ya sa aka bar ramin, kuma na wane ne? Abin da ke kashe irin waɗannan ƙananan mahaƙu sananne ne. Da farko ruwa, don kowace ƙafa aka ƙara zurfi sai kuɗin jan ruwa ya ƙaru. Sa'an nan nisa, don dutse ne mai nauyi, tashar jirgin ƙasa kuwa tana can Jos ko Makurɗi. Sa'an nan farashi, wanda a London ake yanka shi, in ya faɗi kamar yadda ya faɗi bayan 1929, sai kamfani ya kwance injinsa ya sallami lebura. Da aka sami man fetur a Oloibiri a 1956, musamman bayan hauhawar farashinsa a 1973, sai hankalin hukuma ya bar ma'adinai baki ɗaya. Dokar Ma'adinai ta 1946 ta mallaka wa gwamnati duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, tsarin mulki na 1999 ya tabbatar da haka ga Gwamnatin Tarayya. Dokar 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gyara ƙasar da ya ɓata, ya kuma yi yarjejeniya da jama'ar wurin. Doka ce mai kyau. Amma ramin da mai shi ya tafi shekaru da yawa kafin a rubuta ta, wa za a kama? Da na komo na je wani ofis da nake zaton yana da labarin wurin. Akawun ya karɓe ni hannu biyu-biyu, ya yi ta bincike, daga ƙarshe ya ce babu fayil. Abin da ba shi da fayil kuwa, ku ma'aikata kun fi ni sani, ba ya shiga kasafin kuɗi.

Saboda haka ga roƙona, kuma na kasa shi uku. Na farko ga masu sha'awar zuwa gani. Ku nemi izinin mai gari, ku ɗauki ɗan gari, kada ku je da damina, kada ku kusanci bakin ramin da ya miƙe ƙasa. Shawarata ita ce kada ku shiga ko wanne, don duk abin da ke da amfani ga jama'a a waje yake. Kada ku ci abinci a wurin, ku wanke hannu da sabulu, ku wanke takalmi da tufafi kafin ku shiga cikin iyali, kada kuma ku sayi dutse daga hannun yaro.

Na biyu gare ku ɗalibai. Kowace shekara ana rubuta kundayen kammala digiri a kan batutuwan da aka riga aka tauna. Ga aiki nan ba mai yi. Ɗalibin labarin ƙasa ya zana taswirar tsofaffin ramukan ƙaramar hukumarsa, wayar da ke aljihunsa ma tana nuna matsayin wuri daidai. Ɗalibin kimiyyar haɗa sinadarai ya auna ƙasar tsakar gida da ruwan rafi. Ɗalibin tarihi da na Hausa su ɗauki muryar dattawan da suka ji daga bakin leburorin, tun ba su tafi da labarin ba. In kun gama kuma, ku koma ƙauyen ku faɗa musu abin da kuka samu cikin harshen da suke ji, kada ku bar shi a kan kantar laburare.

Na uku gare ku ma'aikata. Wanda ke ofishin ƙasa da safiyo, ya tambaya ko akwai tsohuwar mahaƙa kafin ya ba da filin makaranta ko ya sa a haƙa rijiyar burtsatse. Wanda ke ma'aikatar ayyuka, ya san inda ɗan kwangila ke ɗebo tsakuwa. Malamin asibiti in ya ga yara suna jijjiga, maganin zazzaɓi bai yi musu ba, ya tambayi sana'ar gidan. Malamin dabbobi in ya ji shanu suna makancewa suna mutuwa a mashaya guda, ya kai rahoto. Wanda ke ƙaramar hukuma ya buɗe fayil, ko da takarda ɗaya ce a ciki. Maganin farko ba mai tsada ba ne: a shinge bakin rami, a lulluɓe tulin da jar ƙasa mai tsabta a dasa ciyawa, a karkatar da ruwan da ke bi ta kansa, a yi shela a masallaci da coci da kasuwa. In kuma kun tarar da talakawa sun koma tono, ku tuna yunwa ce ta kai su. Kora takan sa su ɓoye aikin a cikin gida, inda ya fi kisa. Ku nuna musu su yi shi nesa da gari, su jiƙa dutse kafin niƙa, su yi wanka su sake tufafi kafin su koma gida, su kuma hana yara zuwa.

Da za mu rabu, dattijon nan ya tambaye ni ko gwamnati ce za ta zo ta rufe ramin. Na ce masa, "Baba, ni ba hukuma ba ne, amma zan kai maganar inda za a ji." To, jama'a, ga shi na kawo ta. Rigakafi dai ya fi magani. Ina roƙon gafara in na tsawaita, ko na faɗi abin da ya ɓata wa wani rai. Allah ya ba ku nasara a karatunku da aikinku, ya raya mana yaranmu cikin lafiya.